Daga ƙasusuwan Gadufawa zuwa gonar gero: abin da ka'idar juyin halitta ta faɗa, da abin da ake ɗora mata

A wata fada da ke unguwarmu a Maraɗi, tsakanin shayi na biyu da na uku, wani abokinmu ya kunna saƙon murya da aka turo masa ta WhatsApp. Mai maganar yana ta rantsuwa cewa Turawa sun ce kakanmu biri ne, kuma wai shi kansa Darwin ya tuba ya janye maganarsa kafin ya mutu. Aka kwashe da dariya. Wani ɗalibi da ya zo hutu daga jami'ar Yamai ya buɗe baki zai yi bayani, sai aka tare shi da tambayar da kowa ya sani: in daga biri muka fito, me ya sa har yanzu akwai birai? Ya yi shiru, ya karɓi kofinsa.

Ni ma ban ce komai ba a daren, don abin da na fito da shi daga lise a kan wannan batu bai taka kara ya karya ba. Mushenmu na SVT ya bi ta kan babin a gurguje kamar mai tsallake garwashi, ya ce mu haddace saboda jarrabawa, sauran kuma tsakaninmu da zuciyarmu. Muka haddace, muka rubuta, muka manta.

Abin da ya tsaya mini a rai daga baya shi ne halin da mai wayar yake ciki. Ɗiyarsa ta fari tana fama da sikila. Makon da ya gabata kuma ya sayi Coartem a farmasi saboda zazzaɓin ƙaninta, alhali lokacin da muke yara nibakin ake ba mu, ƙwaya mai ɗaci da arha. Dalilin da ya sa sikila ta yi yawa a ƙasashenmu, da dalilin da ya sa nibakin ta daina aiki, duk bayaninsu yana cikin ka'idar da muka gama yi wa dariya.

Labarin tuban Darwin dai a sallame shi tun yanzu. Mutumin ya rasu a 1882. Sai a 1915 wata mata da ake kira Lady Hope ta fito da labarin a wata jaridar addini a Amurka, ƴaƴansa kuma suka ƙaryata ta. Ko da ma ya janye, ba abin da zai rage, don ilimin kimiyya ba ya tsayawa a kan rantsuwar mutum ɗaya.

Abin da kowane makiyayi ya sani

Gundarin ka'idar abu uku ne, kuma babu wanda ke baƙo ga mai kiwo. Ƴaƴan dabba ba sa fitowa iri ɗaya sak. Suna gadon siffofin iyayensu. Kuma ba dukansu ke rayuwa har su hayayyafa ba. Jar akuyar Maraɗi da ake alfahari da fatarta da yawan haihuwarta, da saniyar Azawak mai nono, mutane ne suka yi ta zaɓen wadda za a bari ta haihu da wadda za a kai kasuwa, tsara bayan tsara, har irin ya fita daban. Charles Darwin da kansa daga nan ya fara littafinsa na 1859 a kan asalin jinsunan halittu: babin farko a kan dabbobin gida ne, musamman tattabaru.

Abin da ya ƙara, shi da Alfred Russel Wallace da ya kai ga ra'ayi ɗaya a lokaci guda, shi ne cewa a daji ma ana yin wannan zaɓe ba tare da makiyayi ba. Fari, cuta, yunwa da maƙiya su ne ke tacewa. Wanda siffarsa ta dace da wurin ya fi barin zuriya, sai siffar ta yawaita a garken. In aka ba wannan aiki lokaci mai tsawo ƙwarai, garke ɗaya da ya rabu biyu zai iya zama jinsi biyu. In kuma aka bi sawun baya, jinsunan da muke gani yau suna haɗuwa a kakanni, kamar rassan itace da ke komawa ga gindi.

A lura, garke ne ke sauyawa a tsawon tsararraki. Ba wanda ya taɓa cewa wani biri ya kwanta ya tashi mutum.

Wannan ya kawo mu ga tambayar fada. Ka'idar ba ta ce mutum ɗan cimpanzi ba ne. Cewa ta yi taubasai ne: sun haɗa kaka da ya rayu kimanin shekara miliyan 6 zuwa 7 da suka wuce, wanda shi ba cimpanzin yau ba ne, ba kuma mutum ba. Tambayar me ya sa birai ke nan daidai take da a tambaye ka me ya sa ɗan kawunka ke raye tunda daga kaka ɗaya kuka fito.

Hujjar da ta fi ba ni mamaki a nan tana cikin jikinmu. Bayanan gado na kowace halitta, wato ADN, a naɗe suke cikin ƙunshi-ƙunshi da ake kira kuromozom. Mutum yana da tagwaye 23. Cimpanzi da gorila da orangutan suna da 24. In da gaske dangi ne, ina ɗayan ya tafi? Masana suka yi hasashen cewa biyu ne suka manne suka zama ɗaya. Kowane kuromozom yana da wata alama ta musamman a bakinsa, kamar ƙullin da ake yi wa bakin igiya don kada ta warware. In ka ɗaura igiya biyu baki da baki, ƙullin zai koma tsakiya. A 1991 masu bincike a jami'ar Yale ta Amurka suka samu wannan alama ta baki a tsakiyar kuromozom na 2 na ɗan Adam, daidai inda aka zata, kuma ɓangarorinsa biyu sun yi daidai da wasu kuromozom biyu na cimpanzi.

Masu ɗan ilimin boko kuma nasu zancen shi ne ai teyori ce kawai. A hira ta yau da kullum, teyori na nufin zato. A kimiyya kuwa ana nufin bayani ne da ya ɗinke hujjoji masu yawa wuri ɗaya, aka gwada shi ta hanyoyi daban-daban bai faɗi ba. Bayanin da ke cewa ƙananan ƙwayoyin cuta ne ke kawo kwalara shi ma teyori ake kiransa, amma ba mai shan ruwan kududdufi saboda haka.

Wa ya taɓa gani da idonsa?

Mu muka gani, sai dai ba a faɗa mana sunan abin ba.

Nibakin, wato kulorokin, ta yi shekaru tana kashe ƙwayar zazzaɓin cizon sauro. A ƙarshen shekarun 1950 aka fara ganin ƙwayoyin da ba ta kashewa a kan iyakar Kambodiya da Tailan, da kuma a Kolombiya. A 1978 suka bayyana a gabashin Afirka, cikin shekarun 1980 suka iso yammacinta. Ba wayo ƙwayar ta koya ba. Cikin biliyoyin ƙwayoyin da ke jinin marasa lafiya, an samu ƴan kaɗan da wani ɗan sauyi a ƙwayar gadonsu da ke ba su damar fitar da maganin daga inda yake yi musu illa. Duk wanda ya sha nibakin yana kashe sauran, yana bar wa waɗannan fili. Sauro ya kwashe su ya kai gaba. A shekara ta 2000 aka gano ainihin ƙwayar gadon da sauyin ya faru a cikinta. Kafin ƙasashenmu su koma ga magungunan da ke da artemisinin a tsakiyar shekarun 2000, yara masu yawa sun rasu ana ba su maganin da ya riga ya mutu.

Abin da ya faru a Malawi ya ƙara fito da lamarin fili. Ƙasar ta janye kulorokin a 1993. Da aka daina shan maganin, sauyin nan ya zama kaya mai nauyi da ba shi da amfani ga ƙwayar, sai masu ɗauke da shi suka yi ta raguwa. Bayan kimanin shekara goma aka sake gwadawa, aka tarar maganin ya dawo yana aiki a can. An sa matsi garke ya karkata, an cire matsi ya dawo.

Sauron kansa haka ya yi da maganin da ake jiƙa gidan sauro da shi. Shi ya sa yanzu ake ƙera sababbin gidajen sauro masu haɗin magani biyu.

Sai gero. Kakan geronmu ciyawar daji ce ta Sahel mai ƙananan ƙwayoyi, wadda ke zubar da ƴaƴanta ƙasa da zarar sun nuna. Masu tonon tarihi sun samu alamun geron gida a kwarin Tilemsi na ƙasar Mali da suka kai kimanin shekara 4,500. Manoman farko sun riƙa ajiye zangarniyar da ta riƙe ƙwayarta har girbi, da haka aka samu abin da muke ci. Kowane manomi a Gobir ko Damagaram ya san shibra, wadda ke fitowa cikin gona tana kama da gero amma tana saurin nuna da zubewa. Ita ce shaidar cewa geron gida da na daji har gobe suna barbara da juna.

Akwai bincike a kan wannan da aka yi a ƙasarmu. An tattara irin gero a ƙauyukan Nijar a 1976 aka adana. A 2003 aka koma ƙauyukan aka sake tattarawa, sannan aka shuka tsohon iri da sabo gefe da gefe. Tsakanin shekarun biyu an sha fari mai tsanani, damina ta gajarce. Sakamakon da Yves Vigouroux na cibiyar IRD ta Faransa da abokan aikinsa suka wallafa a 2011 ya nuna geron 2003 ya fi saurin fitar da kai, zangarniyarsa ta ɗan gajarta, kuma wani nau'in ƙwayar gado mai sa saurin nuna ya kusan ninka yawansa. Sunayen irin ba su sauya ba, manoma na shuka abin da suka gada, amma abin da ke cikin rumbun ya sauya cikin shekara 27.

Sikila ta fi ciwo a faɗa. Harafi ɗaya ne ya sauya a cikin ƙwayar gadon da ke gina sinadarin jan jini. Wanda ya gaji sauyin daga uwa da uba, mai SS, yana rayuwa cikin ciwo, kuma a da ƙalilan ne ke kai girma. Bisa lissafi, abin da ke kashe yara haka ya kamata ya ɓace da kansa. Amma a ƙasashe irin Najeriya, Gana da Kamaru mutum 20 zuwa 30 cikin ɗari na ɗauke da shi. A 1954 wani likita mai suna Anthony Allison, wanda ya girma a Kenya, ya nuna dalili: mai AS, wanda ya gaji sauyin daga ɓangare ɗaya kawai, yana da kariya mai ƙarfi daga zazzaɓin cizon sauro mai kisa. In ka ɗora taswirar sikila a kan ta zazzaɓi, kusan sai su rufe juna. Sauro ne ya yi zaɓen, kuma ba ruwansa da tausayi. In AS ya auri AS, kowane ciki yana da kaso ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS. Gwajin jini kafin aure daga wannan lissafi ya fito.

Ko nonon da Fulani ke sha har tsufa ba tare da ɓacin ciki ba yana da labari irin wannan. Yawancin mutanen duniya jikinsu na rage narkar da zaƙin madara bayan yaye. Al'ummomin makiyaya ne suka samu sauyin da ke barin wannan aiki a buɗe, cikin shekara dubu goma da suka wuce, bayan an fara kiwon shanu. Makiyayan gabashin Afirka kuma ta wani sauyi daban suka kai ga abu ɗaya.

Ƙananan sauyi mun yarda, amma sauro ai sauro ne

Wannan ita ce hujjar da ta fi sauran nauyi, kuma ta cancanci a tsaya a kanta. Mai ita yana cewa gero ya sauya amma gero ne, ba a taɓa ganin wani jinsi ya zama wani ba.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne harshe. Bakano ya ce tafi, mutumin Tawa ya ce tahi. Wani ya ce biyar, wani ya ce biyat. Hausar zango a Kumasi ta ɗauki nata salo. Duk Hausa ce, muna fahimtar juna. Amma Gwandara, wadda ta rabu da Hausa ƙarnuka kaɗan da suka wuce, ta zama harshe mai zaman kansa. In aka ƙara nisa, Bolanci da Angas da Bade duk dangin Hausa ne a cikin harsunan Cadi, amma Bahaushe ba ya jin ko ɗaya. Ba a taɓa yin ranar da uwa ke magana da wani harshe ɗanta ya tashi da wani ba. Kowace tsara ta fahimci iyayenta, amma tarin ƙananan bambance-bambance ya raba harsunan. Wanda ya yarda da ƙaramin sauyi ya ƙi babba, shi ya kamata ya nuna mana katangar da ke tsayar da tarin, kuma har yau ba a samu irin wannan katanga a cikin ADN ba.

Abin da ake bukata shi ne lokaci, shaidar lokacin kuwa tana kwance a cikin hamadarmu. Kudu maso gabas da Agadas, a bakin Tenere, akwai Gadufawa, ɗaya daga cikin wuraren da suka fi yawan ƙasusuwan dinozor a Afirka. Masu neman uraniyom ne suka fara cin karo da su, sannan Bafaranshe Philippe Taquet ya yi aiki a wurin a shekarun 1960. Daga nan aka samu Ouranosaurus nigeriensis, da Sarcosuchus, wani dangin kada wanda kansa kaɗai ya fi mita ɗaya da rabi. A 1999 Paul Sereno na jami'ar Chicago ya raɗa wa wata dabbar suna Nigersaurus, mai tsawon kimanin mita 9, da baki mai faɗi da haƙora sama da 500, wadda ke kiwon tsirrai a ƙasa kimanin shekara miliyan 110 da suka wuce. A lokacin wurin koguna ne da dausayi. A yankin Ingal kuma aka tono Jobaria. Duk wanda ya shiga gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai ya ga irin waɗannan ƙasusuwa da idonsa, ko da ƴan kallon zakuna sun fi yawa.

Ta yaya aka san shekarun? A nan ake yawan cewa ai karbon 14 ba abin dogaro ba ne. Karbon 14 ba ya wuce kimanin shekara 50,000, kuma ba da shi ake auna dinozor ba. Ana amfani da sinadarai masu jinkirin ruɓewa da ke cikin duwatsu, musamman tokar aman wuta da ke sama ko ƙasa da shimfiɗar da ake bincike, sannan a gwada shimfiɗun wurare da juna. Ɗaya daga cikin sinadaran shi ne uraniyom ɗin da ake haƙa a Arlit. Yana rikiɗa zuwa darma a kan ƙa'ida, rabinsa cikin shekara biliyan 4 da rabi. A auna yawan uraniyom da yawan darma a cikin ƙwayar dutse, a samu shekarunta. Ilimin da ke sa tashar nukiliya ta ba da wuta shi ne ke ba da wannan lissafi.

Kuma shimfiɗun ƙasa suna da tsari da ba ya rikicewa. A shimfiɗar Nigersaurus ba a taɓa samun ƙashin akuya ko na raƙumi ko na mutum ba. Ranar da wani ya tono guda ɗaya tabbatacce, ka'idar ta shiga uku, shi kuma sunansa ya zagaya duniya. An fi shekara 160 ana tono a nahiyoyi duka, ba a samu ba.

Masu cewa babu halittun tsaka-tsaki kuwa labarinsu ya tsufa. A zamanin Darwin gibin yana da yawa, shi ma ya amsa haka. Yau a Wadi al-Hitan na ƙasar Masar akwai ƙasusuwan kakannin balen, babbar dabbar tekun nan mai shayarwa, da ƴan ƙananan ƙafafun baya masu gwiwa da yatsu, a jikin dabbar da ta fi mita 15. A lardin Liaoning na Sin, tun 1996 ake tono dinozor masu gashin tsuntsu. In ka dubi ƙafar zabo da kyau, da ɓawonta da faratanta, ka ga abin da ya rage. Neil Shubin da abokansa sun lissafa cewa halittar da ke tsakanin kifi da dabbobi masu ƙafa huɗu ya kamata ta kasance a duwatsu masu shekara miliyan 375. Suka duba taswira, suka tafi arewacin Kanada, suka yi shekaru suna nema, a 2004 suka samu Tiktaalik, kifi mai wuya da ƙasusuwan hannu a cikin fiffikensa.

Ta ɓangaren mutum ma maƙwabciyarmu Cadi ce ta ba da ɗaya daga cikin mafi tsufa. A watan Yulin 2001, a hamadar Jurab, wani ɗan Cadi mai suna Ahounta Djimdoumalbaye, cikin ayarin Michel Brunet, ya tsinci ƙoƙon kan da aka raɗa wa Tumai, mai kimanin shekara miliyan 7. Masana na ta gardama ko da ƙafa biyu yake tafiya, gardamar kuma a fili ake yin ta. Akwai Lucy ta Habasha mai shekara miliyan 3.2, wadda ƙugunta na mai tafiya a miƙe ne amma ƙwaƙwalwarta ƙarama. Akwai yaron Turkana na Kenya. Akwai ƙasusuwan Jebel Irhoud na Maroko masu kimanin shekara 300,000, da fuska irin tamu. An taɓa yin ƙarya a wannan fage, gaskiya ne: ƙoƙon Piltdown na Ingila a 1912 haɗin kan mutum ne da muƙamuƙin biri. Masana kimiyya ne suka tona asirinsa a 1953.

In ka je Kure kallon raƙuman dawa, ga abin da za ka tuna. Dogon wuyan nan ƙashi bakwai ne a cikinsa, daidai da naka, daidai da na ɓera. Jijiyar da ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwarsa zuwa maƙogwaro kuma ba ta bin gajeriyar hanya. Sai ta gangara har ƙirji, ta zagaya babbar jijiyar jini kusa da zuciya, ta sake hawowa, tafiyar fiye da mita huɗu don isa wurin da ke kusa da inda ta taso. A jikin kifi, wanda ba shi da wuya, wannan hanya miƙaƙƙiya ce. Wuya ya yi ta tsawo, jijiyar ta yi ta binsa.

Batun cewa duk wannan ba zai faru da katari ba, rabin gaskiya ne. Sauyin da ke aukuwa a ƙwayar gado ba ya duba bukatar mai shi. Amma tacewar ba katari ba ce. Garin da ka zuba a rariya a hargitse yake, abin da ya sauka ƙasa kuwa ba a hargitse yake ba, kuma a nan ana tankaɗe ne sau miliyoyi, kowane zagaye yana farawa daga abin da na baya ya bari.

Inda ƙin ke da tushe

Baƙar fata yana da dalilin jin zafi in aka haɗa sunansa da biri. Ƴan'uwanmu da ke Turai da Magrib sun san kukan birin da ake yi wa ƴan ƙwallo a filin wasa. Abin da aka yi wa Vinícius Júnior a Valencia a 2023 duniya ta gani. A 1906 an ajiye wani ɗan Kwango mai suna Ota Benga a ɗakin birai na gidan dabbobin Bronx a New York, mutane na zuwa suna kallo. Ƴan mulkin mallaka sun fake da sunan Darwin sun jera jinsunan mutane sama da ƙasa. Shi kansa, duk da ya tsani cinikin bayi, rubutunsa na 1871 a kan asalin mutum yana ɗauke da raini irin na Turawan zamaninsa. Ba abin ɓoyewa ba ne.

Sai dai ilimin gado na yau shi ya fi kowa rusa wannan jeri. Ya nuna duk mutanen duniya daga Afirka suka fito, Bature da Basine reshe ne na ƴan ci-ranin da suka bar nahiyar dubban shekaru da suka wuce, kuma bambancin gado da ke tsakanin ƴan Afirka ya fi na sauran duniya yawa. Nisan Bature da cimpanzi daidai yake da nisan Bahaushe da cimpanzi.

Saura babbar magana, wadda ita ce ainihin abin da ke zukatan ƴan fadarmu: addini. Ni ba malami ba ne, ba kuma zan yi fatawa ba. Abin da zan iya faɗa shi ne iyakar kimiyya. Tana auna yadda abu ke faruwa. Ba ta da ma'aunin da zai ce akwai Mahalicci ko babu. Ma'aikacin hasashen yanayi yana bayanin yadda iskar damina ke ɗauko ruwa daga teku, ba wanda ya ce ya yi saɓo, kuma ba a daina roƙon ruwa ba. Ungozoma ta san matakan girman ɗa a ciki, wannan bai hana ta cewa Allah ya raya ba. Akwai masu amfani da juyin halitta don yaƙar addini, irin su Richard Dawkins, amma wannan falsafarsu ce suka ɗora a kai. Francis Collins, wanda ya jagoranci aikin karanta ADN ɗin ɗan Adam gaba ɗaya, Kirista ne mai riƙo da addininsa.

Ƙullin da ke da wuya shi ne halittar Annabi Adamu, alaihis salam, kuma ƙarya ne a ce babu ƙulli. Malamai da yawa sun ƙi ka'idar a kan mutum saboda shi. Amma ba baki ɗaya aka yi ba. Tun a 1888 malamin Tarabulus ta Lubnan, Husain al-Jisr, ya rubuta cewa in hujja ta tabbatar da juyin halitta, ba zai rushe imani da Mahalicci ba. A 2021 Shoaib Ahmed Malik ya fitar da littafi yana bin tafarkin Imam al-Ghazali, inda ya nuna Musulmi zai iya karɓar juyin sauran halittu, ya riƙe halittar Adamu a matsayin mu'ujiza da kimiyya ba ta da hanyar tabbatarwa ko ƙaryatawa. Rana Dajani, masaniyar ƙwayoyin halitta a Jodan, da hijabinta take koyar da darasin a jami'a. Masu cewa al-Jahiz ko Ibn Khaldun sun riga Darwin kuwa, a ganina suna ƙara gishiri: sun lura da gwagwarmayar dabbobi da matakan halitta, amma ba su kawo bayanin zaɓen yanayi ba.

Wannan muhawara ta malamai ce da masana, kuma za ta daɗe. Ƙwayar zazzaɓi kuwa ba ta jiran a gama. An fara ganin alamun jurewa artemisinin a Kambodiya wajen 2008, inda ta nibakin ta faro. A 2020 aka tabbatar da sauyin a Ruwanda, sannan Yuganda da Eritiriya, kuma bincike ya nuna a Afirka ya tsiro da kansa, ba shigo da shi aka yi ba. Coartem sha shida ne cikin kwana uku. Wanda ya sha na rana ɗaya, ya ji jiki ya yi sanyi, ya ajiye sauran don wani zazzaɓin, ya kashe masu rauni ne ya bar masu taurin kai a jininsa. Haka wanda ke sayen kafso biyu na amoksisilin a tiren mai talla a tasha. Alexander Fleming, wanda ya gano penisilin, ya yi wannan gargaɗi tun a 1945. Ranar da na koma fadar na tambayi abokin namu ko yaron ya shanye maganinsa, sai ya ce saura ƙwaya huɗu, suna nan a aljihun rigarsa.